Zuwa ga mai jego, kan kunyar ɗan fari

Assalamu alaikum, 'yata.

Barka da arziki, barka da sauka lafiya. Allah Ya raya mana shi, Ya shirya shi, Ya ba ki lafiyar shayarwa. Na saurari saƙon muryar da kika turo har ƙarshe, na kuma ji yadda muryarki ke rawa. Na ga in na ce zan amsa da baki, waya za ta yi zafi ban gama ba, shi ya sa na zauna na rubuta, ki karanta a hankali lokacin da yaron ya yi barci.

Kin ce ranar suna ƙawayen mamanki sun shigo ɗaki sun tarar da ke kin rungume jaririn kina sumbatarsa, har kina kiran sunansa, suka hau salati da tafa hannu, wai ɗan fari guda, yaran zamani ba su da ta-ido. Kin ce maigidanki kuma ya ce ki rabu da su, abin ba shi da tushe a addini. Sai kika tambaye ni inda wannan kunya ta samo asali, da ko dole ne ki yi ta. A ƙarshe kika ƙara da tambayar da na san ita ce ta fi ci miki rai: wai shin Inna, kakarki da ta haife mu, tana son babanki kuwa, tunda har ta koma ga Allah ba ki taɓa jin sunansa a bakinta ba?

Da ta ƙarshen zan fara, don ni na zauna da su, na gani da idona.

A shekarar 1963 aka yi ƙidayar jama'a, ina yarinya. Malamin ƙidaya ya zo tare da yaron mai unguwa, suka zauna a zaure. Baba ya tafi fatauci, saboda haka Inna ce ta tsaya a bayan ƙofa tana amsa tambaya, ba ta ganinsu, ba sa ganinta. Aka ce 'ya'ya nawa. Mu shida ne a lokacin, ta ce biyar. Ta jero sunayenmu tiryan-tiryan, ta faro daga mai bi wa babanki. Malam ya rubuta, yana shirin tashi, sai ga babanki ya dawo daga makarantar allo, allo a hammata, ya durƙusa ya gaishe su zai shige. Malam ya ce, "Wannan fa?" Inna ta ce, "Na gidan nan ne." Ya ce, "Ɗan wa?" Ta ce, "Ɗan mutanen gidan." Ya ce, "To, sunansa?" Shiru. Ya sake tambaya, shiru. Can sai muka ji Iya, kakarmu ta wajen uba, ta ɗaga asabarin ɗakinta ta rangaɗo sunan gaba ɗaya, har da kirari, ta ce, "Malam, mijina ne, rubuta shi a kaina, waccan ba ta san shi ba!" Yaron mai unguwa ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Daga ranar, duk wanda ya nemi babanki a unguwa, sai yara su ce yana ɗakin matarsa.

Wannan ita ce Innar da kika sani. Ga wadda ba ki sani ba. Ni ce mai kai kwanon babanki in an kwashe tuwo. Inna za ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba, ta ce, "Kai wa wancan." In ka leƙa kwanon, tuwo ne da miya kamar na kowa. Amma a ƙarƙashin malmalar akwai tsokar da ta fi kowace girma a tukunya, an binne ta yadda ba mai gani. Mu da ake kiran sunanmu safe da yamma, ƙashi da jijiya muke samu. Na taɓa kai ƙara wurin Iya, ta ce in rufe mata baki, ba a tona irin wannan.

Da yaƙin basasa ya tashi a 1967, babanki ya shiga soja yana saurayi ɗanye shakaf. Ranar da zai tafi, unguwa ta cika ƙofar gida, Iya tana kuka tana riƙe masa riga. Inna ko tsakar gida ba ta fito ba. Amma ƙullin ƙuli-ƙuli da yaji da dakuwa da Iya ta danƙa masa a matsayin guzurinta, mun san wadda ta kwana tana soyawa da dakawa. Bayan tafiyarsa, Inna da ba ta damu da rediyo ba sai ta koma tsintar wake a daidai ƙofar ɗakin Baba, a daidai lokacin da Rediyon Kaduna ke karanta labarai. Waken nan bai taɓa ƙarewa ba. In wasiƙarsa ta zo, wa Iya ake kai wa, ni kuma in karanta. Sai ki ga Inna ta jawo turmi ko faifai kusa da ɗakin, tana aikin da ba a sa ta ba. In na yi ƙasa da murya, sai ta ce, "Ke, ɗaga murya mana, tsohuwa ba ta ji sosai." Iya kuwa, in allura ta faɗi a zaure tana ji daga ƙuryar ɗaki. Sai ta ce, "Haka ne, kunnen nan ya mutu, maimaita wurin da ya ce yana lafiya." In maimaita. Su biyun sun san abin da suke yi, ba wadda ta taɓa tona 'yar'uwarta.

Yaƙi ya ƙare a watan Janairu na 1970. Ranar da ya dawo, guɗa ta karaɗe gida, maƙwabta suka yi ta tururuwa. Ya je ƙofar madafi ya durƙusa ya gaishe ta. Ta ce, "An dawo?" Ya ce, "An dawo." Ta ce, "Madalla." Iyakar maganar ke nan. Kafin la'asar, ragon da ta shekara biyu tana kiwo, wanda ta hana mahauta ko tayawa, yana cikin tukunya. To, ga amsar tambayarki, ki auna da kanki.

Batun asali kuwa, dalilan da manya suka ba mu ba su da wuyar fahimta in kin tuna yadda zaman yake. Yarinya ce ake aurarwa tana da shekara goma sha huɗu ko sha biyar, a kai ta cikin gidan surukai, uwar miji a nan, uban miji a can, yayyen miji da matansu ko'ina. Haihuwar fari ita ce shaida ta farko a bainar jama'a cewa yarinyar nan ta san ɗakin miji. Nauyin wannan ne ke sa ta sunkuyar da kai, shi ma saurayin uban ya kasa haɗa ido da mahaifinsa. Shi ya sa ma ake ɗauke ta tun ciki yana wata bakwai a mayar da ita gidan iyayenta goyon ciki, ta haihu a can, ta yi wanka a can. Sannan akwai tsoro. A zamanin, ƙyanda da tarin shiƙa da zazzaɓi suna kwashe yara ba adadi, kuma mutane sun yi imani cewa abin da ka cika nunawa, baki yana kama shi. Uwar da 'ya'yanta ke mutuwa har suna take sa wa wanda ya rayu mai nuna ba a damu da shi ba, irin su Ajuji, wai ko mutuwa ta ga ba a so ta wuce. Nuna halin ko-in-kula ga ɗan da aka fi ji da shi yana da dangantaka da wannan tunani. Ga kuma abin da Bahaushe ke cewa, ɗa na kowa ne. Ɗan fari musamman na dangi ne, na kakanni da goggonni. Uwar da ta ƙanƙame shi, ana ganin ta yi wa dangin miji rowa. Maƙwabtanmu Fulani ma sun fi mu tsanani a nan, kuma zama tare ya ƙara wa abin ƙarfi a gidaje irin namu.

Maigidanki ya yi gaskiya da ya ce ba umarnin addini ba ne. Kunya kam tana daga imani, hadisi ne ingantacce, amma ba a ce uwa ta ƙi ɗaukar ɗanta ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sumbaci jikansa Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habis. Aƙra'u ya ce shi yana da 'ya'ya goma, bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Aka amsa masa cewa wanda ba ya jin ƙai, ba a jin ƙansa. In Nana Faɗima ta shigo wurinsa, yakan miƙe ya tarbe ta, ya sumbace ta, ya zaunar da ita a mazauninsa. Larabawa ma da sunan ɗan fari suke yi wa mutum alkunya don girmamawa, shi ya sa ake ce masa Abul Ƙasim. Saboda haka ba ki yi zunubi ba ranar suna, kada wannan ya hana ki barci.

Sai dai maigidan naki rabin labarin ya gani, su ma ƙawayen mamanki rabi suka riƙe. Ɗaya rabin shi ne Iya.

Ranar da aka yaye babanki, ɗakin Iya aka kai shi, kuma bai bar ɗakin ba sai da ya isa kwana a zaure. A bayanta ya girma. Ita ke ɓoye masa ƙanzo, ita ke saya masa alewa da kuɗin kaɗinta, ita ke yi masa tatsuniya har ya yi barci a cinyarta. In ya yi laifi Baba ya ɗauko tsumagiya, ɗakinta ne mafaka, kuma ba a haifi wanda zai ɗaga asabarin nan ya fito da shi ba. Da safe in ya gaishe ta sai ta ce, "Maigida, yau ma ba kuɗin cefane? Ni fa zan kai ƙara wurin alƙali." Shi kuma ya ce ai ya sake ta tun jiya, ya samo mai haƙora. Ta bi shi da muciya, gida ya kaure da dariya. Ni kuwa kishiyarta ce. Kome na sa, sai ta ce na yi ne don in ƙwace mata miji, kuma ba zan iya ba, don ban iya ko dama fura ba. Kakanmu na wajen uwa shi kuma amaryarsa nake, duk Sallah sai ya ba ni sisi ya ce sadakina ne, saura sai baɗi.

Kin ga yadda aka tsara abin. Inda aka ɗaure bakin uwa, an kwance na kaka. Duk wata sumba da runguma da kirari da uwa ta haɗiye, akwai wadda aka ɗora wa alhakin biyan su, ninki biyu. Ga goggo, ga inna ƙanwar uwa, ga abokiyar zaman uwa, ga matan baffanni. A gidanmu mutum ya haura ashirin, jariri ba ya taɓa rasa cinya. Al'adar kamar murhu take, duwatsu uku ke riƙe tukunya, in aka zare ɗaya miya a ƙasa za ta ƙare. Yayarki ma haka aka yi da ita. Ranar yayenta na je na goyo ta, a hannuna ta yi wayo, har yau mamanki "'yar Goggo" take ce mata. Ba ta tashi da ƙishin ƙauna ba, don ni ban ji kunyar kowa a kanta ba.

Yanzu dubi naki zaman. In kin gama wanka za ki koma Abuja, hawa na biyu, ƙofa a kulle, maƙwabta ba ki san sunansu ba. Maigida ya fita tun safe sai bayan magariba. Kakanni suna nesa, sai a waya. In kika ce za ki yi kunyar Inna a wannan gida, wa zai zama Iya? Yaron zai tashi da rabin al'ada, kuma rabin mai ɗaci.

Ba da ka nake wannan magana ba. Na fara koyarwa a 1976, shekarar da aka buɗe shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, aka yi ta kwararo yara makaranta. Ranakun ɗaukar sababbi kam sai wanda ya gani. Ba takardar haihuwa, sai a ce yaro ya ɗora hannu bisa kai ya kamo kunnensa, in ya kamo ya isa shiga aji. Wahalar tana wurin suna. Uba zai zo da ɗan farinsa, hedimasta ya ce sunan yaro, sai mutum ya hau kallon rufin ɗaki. Mai dabara yakan taho da aboki ya faɗa a madadinsa. Wani ya zunguri yaron ya ce, "Kai, gaya masa." Wani dattijo kuwa, da yaron ya ƙi magana don tsoro, sai ya ce, "Malam, sunan Annabin nan da 'yan'uwansa suka jefa a rijiya." Hedimasta ya rubuta. Na bayansa ya ga hanya ta samu, ya ce nasa kuma na wanda ya sassaƙa jirgi ne. Na uku ya ce wanda kifi ya haɗiye. Kafin azahar mun bi tarihin Annabawa kusan kaf, layi kuma sai dariya ake yi, har da su iyayen.

Amma a cikin shekarun nan ne kuma wata yarinya 'yar aji huɗu ta tsaya bayan an tashi, ta ce tana da tambaya. Mahaifinta ma'aikaci ne, an yi masa canjin wurin aiki zuwa garinmu, suna zaune a gidajen ma'aikata, daga ita sai iyayenta da ƙannenta. Ta ce, "Malama, in mutum ba uwarsa ce ta haife shi ba, ta yaya zai gane?" Na tambaye ta dalili. Ta ce mamarta tana kiran kowa da sunansa, ita kuwa sai "ke", tana yi wa ƙannenta kitso a cinya, ita kuwa sai a aika ta gidan maƙwabta. Na je gidan na ga uwar, mace mai hankali, tana ji da 'yar nan kamar ranta. Kunyar da ta gada take yi tsakani da Allah. Ba ta lura cewa ta baro kakar yarinyar a wani gari mai nisa ba. Da na gaya mata tambayar da aka yi mini, ta yi kuka sosai. Tun daga ranar ra'ayina ya tsaya a kan wannan magana, kuma shi nake ba ki: a ɗakinki, ki ɗauki ɗanki, ki rungume shi, ki yi masa waƙa, ki gaya masa kina son sa da bakinki. Shi ma uban ya ɗauke shi ya sa a kafaɗa.

A gaban manya kuwa, ki rage. Ba don kin yi laifi ba, sai don ki ba su nasu rabon. In surukarki ta shigo, ko ƙawayen mamanki, ki miƙa musu shi, ki koma gefe ki sunkuyar da kai. Kada ki yi musu da su, kada ki jawo musu hadisi. Na san matan nan, tare muka tsufa. Rabin salatin da suka yi, jira suke a ɗora musu jaririn a cinya su samu abin tsokana. Ki ba su shi ki ga yadda faɗan zai koma guɗa. Ki kuma roƙi maigidanki ya daina cewa abin ƙauyanci ne a inda za su ji. Matan da suka haɗiye son 'ya'yansu shekara da shekaru don girmama surukai ba su cancanci a yi musu dariya ba.

Saura batun suna, kuma a nan ina bayan ƙawayen mamanki ɗari bisa ɗari, amma da wani dalili daban. Kin ce sunan mahaifin maigidanki aka sa wa yaron. To, ko da shi ne ɗanki na goma, wannan suna ba na bakinki ba ne. Yau jariri ne, kina kiran sunan da daɗi. Bari ya shekara uku. Wata maƙwabciyarmu ta ƙi jin wannan shawara, ta ce ita sunan yanka za ta riƙa kira. Ran nan surukinta ya zo, yana zaune a tsakar gida bisa tabarma ana gaisawa, yaron ya haye kan randa. Ta fito da gudu daga madafi ta ƙwala sunan, ta ce, "Sauko nan, mai ƙaton kai, mara jin magana!" Tsoho ya zabura ya miƙe tsaye, carbi ya faɗi. Ta koma ɗaki ba ta sake fitowa ba har ya tafi, washegari kuma yaro ya zama Abba. Hikimar sakaya suna ke nan. Yaro dole a tsawata masa, sunan babba kuwa ba a tsawata masa.

Laƙabi kuma ba ya ƙaranci. Ga Abba, ga Baffa, ga Babangida, ga irin naku na yanzu, su Khalifa da Amir. Ni dai ina kewar namu na da, waɗanda ke ba da labarin mai su. In ka ji Tanko, ka san mata ya biyo. In ka ji Kande ko Delu, maza ta biyo. Gambo ya zo bayan tagwaye, Azumi a watan Ramalana aka haife ta, Cindo yatsa shida gare shi, Talatu da Jummai da Asabe da Ɗanladi kowa ranarsa na goshinsa. Kin ce ranar Laraba kika sauka, ga Balarabe nan a araha, in kuna so. Ban tilasta ba, ku kuka haifa.

Ita ma sakayawar tana da iyaka. Mun yi wata dattijuwa a unguwa da sunan uwar mijinta ya zo ɗaya da wannan rana ta Laraba, ta shekara arba'in tana cewa "ranar da ke bin Talata", har jikokinta suka ɗauka sunan ranar ke nan. Wannan ba ta cuci kowa ba. Amma kin san labarin da ake bayarwa na matar da sunan mijinta Musa, ta zo ƙarshen Sabbi ta karanta "suhufi Ibrahima wa baban su wane". Ana faɗa ana dariya, amma malamai sun yi gaskiya da suka ce Alƙur'ani yadda ya sauka ake karanta shi. Haka nan a asibiti. In ma'aikaciyar jinya ta tambayi sunan yaro don katin riga-kafi, ko an zo yin takardar haihuwa, ki faɗe shi sarai, a rubuta daidai. Na ga yaran da suka sha wahala wajen jarrabawa saboda laƙabi ne a wata takarda, sunan yanka a wata.

Tunda na ambaci asibiti, bari in sako wannan, kada in manta. Ki yi wankanki, ruwan ɗumi da ganyen darbejiya yana warware jiki. Amma ban yarda da tafasasshen ruwan da ke saluɓe fata ba, ban kuma yarda a ɗura miki kunun kanwa safe da yamma ba. Likitocin asibitin koyarwa na Zariya sun daɗe, tun shekarun 1970, suna danganta yawan kanwa da tsananin zafin jego da ciwon zuciyar da ke kama masu haihuwa. In kin ga ƙafa na kumbura ko numfashi na yi miki wuya, a tafi asibiti a ranar. Ki ce wa mamanki ni na ce.

Abin da ban gaya miki ba game da Inna shi ne yadda tsufa ya sake ta. Kin riske ta a lokacin da ta riga ta zama kaka, shi ya sa kika san ta da baki. Matar da ta yi rabin rayuwarta ba a jin muryarta a zaure, ranar da aka haifi yayarki sai ga ta tana rawa a tsakar gida tana cewa an yi mata kishiya. Kin tuna yadda take ɓoye miki takalmi in kun zo hutu, ta ce ba za ki koma ba sai kin biya kuɗin hayar mijinta? Duk abin da ta tara a ciki shekara talatin, a kanku ta juye shi. Ni ma yanzu da na kai wannan matsayi na gane daɗinsa. Gwiwa tana ciwo, ido yana neman tabarau, amma an buɗe mini ƙofar da take rufe. Ina faɗin abin da na ga dama, ina wasa da wanda na ga dama, jikoki su zo su cika ɗaki su yamutsa mini gado, ba wanda zai ce na zubar da girma. Wanda bai yi kunya da ƙuruciya ba, ban san ko zai ji wannan sakewa yadda muka ji ta ba.

Sunan babanki dai ba ta faɗa ba har ƙarshe. A ciwonta na ajali ya kwana uku a bakin gadonta. In ta farfaɗo ta gan shi, sai ta juyo wurina ta ce, "Wancan ya ci abinci kuwa?" Bayan sadakar bakwai, da jikoki suka yi nasu wasan kamar yadda aka saba in tsoho ya cika da shekaru, yayarki ta ɗaura zanen Inna, ta sa tabaranta, ta ɗauki kwano ta miƙa wa ƙaninki tana kallon gefe, ta ce, "Kai wa wancan." Gida ya fashe da dariya, ana yi ana share hawaye. Babanki ya tashi ya fita zaure, ya daɗe bai dawo ba.

Shi ma ai ga shi nan tsufa ya kama shi a hannu. Mutumin da bai taɓa ɗaukar yayarki ba ko sau ɗaya, shekaranjiya ya kira ni yana cika baki, wai an haifo wanda zai ƙwace masa mata, amma ya ga ɗan, ba zai iya ba, ko haƙori ba shi da shi. Mamanki ta ce kullum bayan sallar asuba sai ya leƙo ya ce a ba shi abokin takararsa su gaisa. Saboda haka in kin koma Abuja, kada ki bar wannan zumunci ya tsaya a hoton waya. Duk hutun da ya samu, ku kawo shi ya kwana biyu a ɗakin kakanninsa, na nan da na can, ya sha tsokana, a ɓata shi da alewa, ya san yana da mafakar da tsumagiyarku ba ta isa. In lokacin yaye ya yi, ko mako biyu ne ki bar wa surukarki shi. Za ta riƙe miki wannan alheri har abada.

Zan zo kafin ku yi arba'in, in Allah Ya yarda, da daddawa da kuka da yajin jego na dakan hannu. 'Ya'yana, taubasanki, sun ce in tuna miki cewa cika-ciki ya wuce ba ki ba su kuɗin shara ba, kuma haihuwa ba ta yafe bashi, ke 'yar namiji ce, dole ki biya. Ki gaida mamanki da babanki da maigidan naki. Shi kuma sabon mijin nawa, ki gaya masa na ji labarin ya tare ba lefe ba sadaki, ya tanadi kuɗin cefanena kafin in iso.

Goggonki.